Kada Ka Jira Marmari Kafin Ka Buɗe Littafi

Yau ba zancen taki ko maganin ƙwari na kawo muku ba, ko da yake za ku ga ban iya rabuwa da su ɗungum ba, gama abin da mutum ya saba da shi, da shi yake auna kome.

A kakar da ta wuce na sauka gidan wani dattijon ekklesiya domin in duba rumbunsa. Da muka gama, muna zaune a gindin ɗorawa muna shan kunu, sai ya ce mini, "Malam, akwai abin da ke damuna, ba kuwa na rumbu ba ne. Ina da Littafi Mai Tsarki, na iya karatu tun ina saurayi, amma daga Lahadi sai Lahadi nake taɓa shi. Na yi ta roƙon Allah ya ba ni marmarin karatu, har yanzu shiru. Ko zuciyata ce ta mutu?"

Kunya ta kama ni, domin a ran nan nawa Littafin ya yi sati uku a cikin akwatin babur, tare da igiyar awo da takardun rahoto, ban buɗe shi ba. Na ce, "Baba, ciwon da ka faɗa ni ma ina da shi." Muka daɗe muna magana, har rana ta yi sanyi. Abin da zan rubuta a nan daga wannan hira ya fito, da kuma abin da na gwada a gidana tun daga lokacin.

Ra'ayina shi ne, mun juya abin baibai. Muna tsammani marmari ne zai fara zuwa, sa'an nan karatu ya biyo baya. A ganina karatu ne ke gaba, marmari yana binsa a hankali, wani lokaci ma sai ya makara ƙwarai. Ku dubi aikinmu na kullum. Wane manomi ne ya taɓa tashi da asuba cikin watan Yuli, jikinsa duk a mace saboda aikin jiya, ya zauna bakin gado yana jiran sha'awar noma ta sauko masa? Babu. Yakan saɓi fartanya ya tafi domin ya san ciyawa ba ta jiran kowa. Daɗin yakan zo daga baya, sa'ad da ya tsaya a bakin gona da yamma ya ga kunyoyi tas, dawa tana kaɗawa. Ban ce kada mu roƙi Allah ya ba mu ƙishin Maganarsa ba. Mu roƙa mana. Amma mu yi roƙon da Littafin a buɗe a kan gwiwa, kamar yadda mai roƙon ruwan sama yake yi da iri a aljihu.

Bari in faɗi inda ni na riƙa faɗuwa, watakila wani zai gane kansa. A kwalejin horar da malamai na ci jarrabawar ilmin Littafi Mai Tsarki da kyau. Na san littattafai 66 ne, surori 1,189, Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Na kuma san lissafin nan da ake koya mana, wato idan mutum ya karanta sura uku kowace rana, ran Lahadi biyar, zai gama duka cikin shekara guda. Lissafin daidai ne, babu kuskure a ciki. To, kowane 1 ga Janairu sai in ɗaura ɗamara. Farawa takan tafi da daɗi, ga labarin Ibrahim, ga na Yusufu. Fitowa ma haka, har a kai ga awon alfarwa. Kafin Fabrairu ta yi nisa na shiga Littafin Firistoci, ga ka'idodin hadaya iri iri, ga dokokin cutar fata. Sai in tsallake kwana biyu saboda rangadi, bashin sura shida ya hau kaina. In ce zan biya ran Asabar, bashin ya zama goma sha biyar. Daga nan sai in daina ko kallon inda Littafin yake, kamar yadda mai bashi yake kauce wa ƙofar wanda ke binsa. Na yi haka shekara huɗu a jere. Laifin ba na Littafin Firistoci ba ne. Ni ne na ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyana, na kuma mai da karatun Maganar Allah bashi.

Abin da ya gyara mini tunani, aikin taki ne. Kun san ba mu ce wa mai masara ya juye takin shekara duka a rana ɗaya. Mukan ce ya sa kashi na fari wajen sati biyu bayan shuka, ya dawo da yuriya wajen sati biyar ko shida, domin idan ya zuba duka gaba ɗaya, ruwa ya wanke rabi, saura kuma ya ƙone tsiron. Masu binciken noma na ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna wa manoman gero na Nijar wata dabara da ta fi wannan ƙanƙanta. Cikin murfin kwalbar lemo guda na takin NPK, wajen giram 6, a kowane ramin shuka, yana ƙara amfani sosai a ƙasar da ta gaji. Kaɗan ne, amma a gindin tsiro yake, a kan kari kuma. Haka kuma Allah ya ciyar da Isra'ilawa a jeji, bisa ga Fitowa sura 16. Kowace safiya mutum ya tattara abin da zai ishe shi ran nan. Waɗanda suka tara domin su huta gobe, sai suka tarar ya yi tsutsa yana wari, sai dai a rana ta shida da aka yarda su tara na kwana biyu saboda Asabar.

Saboda haka shawarata ga wanda ya daɗe bai karanta ba ita ce, ka manta da zancen gama Littafin cikin shekara guda tukuna. Ka ɗauki Bisharar Markus. Sura 16 ce kawai, ba ta cika aya 700 ba, labari ne kuma yana bin labari, babu tsayawa. Aya goma sha biyu a rana, minti biyar ke nan, cikin wata biyu ka gama. Idan rana ta kuɓuce maka, babu bashi. Washegari ka ɗora daga inda ka tsaya. Bayan Markus ka ɗauki Rut, sura huɗu, labarin yunwa ne da ƙaura da kalar hatsi a gonar Bo'aza, wanda kowace mace a ƙauye za ta gane shi tun kafin a bayyana mata. Karin Magana kuwa sura 31 ce, wato kusan sura guda ga kowace ranar wata, ka duba kwanan wata kawai ka san inda za ka buɗe.

Wani abin da ke kashe mana jiki shi ne zaton da muke yi cewa Littafin nan na fastoci ne da 'yan makaranta. Ashe yawancin mutanen da ke cikinsa manoma ne da makiyaya da masunta. Ran da na karanta wa wata ƙungiyar manoma Ishaya 28, daga aya 23 zuwa ƙarshe, wurin ya yi tsit. Annabin yana cewa manomi ba ya ta huɗa har abada, in ya gyara ƙasa sai ya sa kowane iri a inda ya dace da shi, ƙananan tsaba kuma da sanda ake bugunsu, ba a bi ta kansu da abin sussuka mai nauyi. Ya ce Allah ne ya koya wa manomi wannan hikima. Wani tsoho ya ce in sake karantawa, wai bai taɓa sanin Allah ya kula da yadda ake bugun riɗi ba. Na ce masa ba riɗi aka ambata ba, amma ya kama ma'anar sarai. Har Littafin Firistocin nan da ya kayar da ni sau huɗu, da na koma masa daga baya ba da gaggawa ba, sai na tarar a sura 25 an umarta a bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai, a sura 19 kuma an ce kada mai gona ya girbe har gefe, ya bar wa matalauci da baƙo. Mu malaman gona muna ta fama da mutane a kan hutar da ƙasa, ashe an riga mu.

Yanzu zancen lokaci. "In na sami sarari zan karanta," wannan magana ita ce kabarin karatu. Manomi ba ya samun sarari, sai dai ya yanka. Maƙwabtanmu Musulmi sun gane wannan tun da daɗewa. Sun raba Alƙur'ani izu sittin, mai karatu ya san abin da zai biya yau, ya kuma san lokacinsa. Wanda ya taɓa kwana a garinsu ya ji muryoyin masu tilawa tun kafin gari ya waye. Ba abin kunya ba ne mu koyi wannan horon kai daga gare su. Abin da na ga yana aiki shi ne a ɗaura karatu a jikin wani abin da ba a fasa yi. A gidana mun ɗaura shi a jikin tuwon dare. Ba a kwashe kwanuka sai an karanta. Ba na bukatar in tuna, kwanukan ne ke tuna mini.

Lokacin kuma yana iya sauyawa bisa ga shekara, kada wani ya ɗaure kansa da abin da Allah bai ɗaure shi ba. Da damina mutum yakan dawo gida a gajiye liƙis, in ya buɗe Littafi da dare barci ne zai kwashe shi a aya ta uku. To, ya sa Sabon Alkawari ƙarami a leda ya tafi da shi gona. Sa'ad da aka kawo abincin rana aka zauna a inuwa, aya biyar ta isa. Da rani kuwa, bayan an kai amfani gida, sai a ƙara mudu. A nan ne za a iya shiga manyan littattafai irin su Ishaya ko Romawa.

Akwai kuma waɗansu abubuwan da muke kira sanyin ruhu alhali kuwa na jiki ne. Dattijon nan da na faɗa muku, da na miƙa masa Littafinsa na ce ya karanta mini, sai na ga yana nisanta shi da fuska har iyakar hannunsa, yana ƙanƙance ido. Ya wuce shekara sittin. Yawancin mutane in sun haura arba'in, ganin abin da ke kusa yakan fara yi musu wuya. Ba cuta ba ce ta musamman, girma ne, tabarau na karatu kuwa yana maganinta, ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Mutumin kirki ya yi shekaru yana zargin zuciyarsa, ashe idonsa ne. Dattawa, in harufa sun fara haɗewa, ku je a auna muku ido a asibiti. Haka nan zancen haske. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana ta fi aci-bal-bal nesa, ba ta cin kananzir, ba ta hayaƙi, yara ma su yi aikin makaranta da ita.

Ga matasa kuwa matsalar dabam ce. Da yawa suna da Littafi Mai Tsarki a cikin waya, abu mai kyau. Amma na lura da kaina, in na buɗe shi a waya, kafin in kai aya ta huɗu saƙo ya shigo, na leƙa WhatsApp, rabin sa'a ta tafi. Ba na hana kowa, amma ni dai na koma takarda. Inda waya ta yi rana ƙwarai shi ne wajen waɗanda ba su iya karatu ba, gama akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka ɗauka da murya, ana iya sa shi a katin waya a saurara ko babu intanet.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi ba muhimmanci, wato kada ka yi karatun kai kaɗai in akwai yadda za ka yi. Mun gaji wani tunani daga makaranta cewa karatu na gaske shi ne mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi shiru. Yana da amfaninsa. Amma yawancin mutanen Allah tun daga farko da kunne suka karɓi Maganar. A Nehemiya sura 8, Ezra ya tsaya a dandali ya karanta da ƙarfi tun da sassafe har tsakar rana, maza da mata da yaran da suka isa ganewa suna ji, Lawiyawa kuma suna bi suna bayyana ma'ana. Mutumin Habasha da ke cikin Ayyukan Manzanni sura 8 babban ma'aji ne, ya iya karatu, duk da haka sai da Filibus ya hau karusarsa ya zauna kusa da shi kafin ya gane. Mu da muka san gayya, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Kunyar da za ta gagari mutum ɗaya, mutum goma suna raha za su gama ta kafin azahar. In ka san matarka da 'ya'yanka suna jira, ko maƙwabcinka zai shigo da kujerarsa, za ka buɗe Littafin ko ranka bai so ba.

A yawancin ekklesiyoyinmu na Filato, da kudancin Kaduna, da Bauchi, da Gombe, da Adamawa, Hausa harshe na biyu ne ga mutane da yawa. Saboda haka wanda ya karanta da Hausa, sai wani ya juya wa kaka da harshen gida, a tambaye ta abin da ta ji. Sau da yawa abin da za ta faɗa ya fi na mai karatun nauyi. In akwai Sabon Alkawari da harshenku, ku neme shi. A kuma lura da irin fassarar da ke hannu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa, iyayenmu kuwa da shi suka girma, suna ƙaunarsa. Amma Hausarsa ta tsufa, yaro na yau zai yi ta tuntuɓe a ciki. Fassarar 1979 ta fi sauƙi, a cikinta ne Misalai ya zama Karin Magana, Kubawar Shari'a ta zama Maimaitawar Shari'a. Akwai ma waɗanda suka fito bayanta. Kada a yi faɗa a kan wannan. Baba ya riƙe nasa, a saya wa yara wanda za su gane.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce, gama an faɗa mini a fuska. Zai ce, "Malam, abin da kake koyarwa al'ada ce kawai, irin ta Farisiyawa. Karatun da babu zuciya a ciki, ina amfaninsa?" Maganarsa tana da gaskiya a ciki, ba zan yar da ita ba. Mutum yana iya karanta sura goma kullum ya fita ya zalunci maƙwabcinsa. Karatu kuma ba ya sayen alherin Allah, ceto kyauta ne. Amma ina tambaya, wanda ya daina karatu domin gudun zama Bafarisiye, zuciyarsa ta ƙara zafi ne? Ni dai a shekarun da na bari, ban ga na ƙara kusa da Ubangiji ba. Akwai ranakun da nake karantawa ban ji kome ba, kamar mai yin binne a busasshiyar ƙasa. Iri yana kwance a ƙasa kwana da kwanaki babu alama. Amma ran da ruwa ya sauka, gonar da aka yi binne ita ce ke fara tsiro.

Maganin zama Bafarisiye shi ne a aikata abin da aka karanta, ko guda ɗaya ne. Nan ma aikin gona ya koya mini. Sa'ad da aka fara kawo buhun nan mai ruɓi uku na ajiye wake ba tare da magani ba, wanda ake kira PICS, daga shekarar 2007, bayani kaɗai bai shawo kan manoma ba. Sai da aka ɗaure wake a gaban jama'a, aka bar shi watanni, aka tara mutane aka kwance, suka ga waken fes babu huji. Gani ya kori ji. Haka Maganar Allah take. Karin Magana 11 ta yi zancen ma'aunin zamba, ta kuma yi zancen mai ɓoye hatsi sa'ad da mutane ke bukata. To, ka duba mudun da kake sayarwa da shi, ko irin wanda aka bubbuge gindinsa ne. Maimaitawar Shari'a 24 ta ce a biya ɗan ƙodago hakkinsa a ranar, kafin rana ta faɗi. Ka gwada wannan a noman bana, kada ka ce masa sai ran kasuwa. Mutumin da ya gwada abu guda ya ga yadda ya sāke zamansa da mutane, ba sai an roƙe shi ya koma ya karanta na gaba ba.

Wani kuma zai ce, ai fasto yana karanta mana ran Lahadi, ya isa. 'Yan'uwa, a ƙauyuka nawa ne fasto ɗaya ke kiwon majami'u uku ko huɗu? Sauran kwana shida fa? A cikinsu ne masu sayar da man shafawa da ruwan albarka suke zagawa, kowa da ayarsa a baki, wanda bai san Littafinsa ba kuwa ba shi da abin da zai auna su da shi. Na ga gidan da aka sayar da akuya biyu domin a sayi irin wannan ruwa, yaro kuwa zazzaɓin cizon sauro ke damunsa, ga ɗakin shan magani bai fi tafiyar rabin sa'a ba. Mutanen Biriya, cikin Ayyukan Manzanni 17, ko Bulus da kansa ba su karɓi maganarsa haka kawai ba, sai da suka riƙa bincika Littattafai kowace rana su ga ko haka ne, aka kuwa yabe su saboda wannan. Mu tuna kuma da 'yan'uwanmu na Gwoza da Madagali da Michika da Mubi a 2014, waɗanda suka gudu cikin dare, waɗansu har Kamaru, babu fasto, babu majami'a, da yawa ko Littafin ba su samu ɗauka ba. Abin da ke cikin kansu shi ne suka yi sujada da shi a kan duwatsu.

Ina roƙon dattawan ekklesiya da shugabannin zumuntar mata abu biyu, ba su kuwa bukatar kuɗi mai yawa. Na fari, a zaga gida gida a san inda babu Littafi, da inda akwai Littafi amma babu mai karantawa, a haɗa irin wannan gida da wani ɗan makaranta na kusa. Na biyu, a farfaɗo da ajin yaƙi da jahilci da rani, gama mata da yawa da suka koyi karatu dā sun fara mantawa saboda rashin yi.

Shi dattijon nan kuwa, ɗansa ya kai shi aka auna idonsa, ya sami tabarau. Ya kuma shirya da jikanyarsa 'yar aji biyar, kowace yamma in ta dawo daga rijiya sai ta ɗauko Littafin, ta karanta aya biyar, shi ya karanta biyar. Da na koma wajensa da bazara domin zancen iri, na tambaye shi ko marmarin ya zo. Ya yi dariya ya ce, "Wata rana yana zuwa, wata rana ba ya zuwa. Amma yarinyar nan kullum tana zuwa." Sun gama Markus, sun sake komawa farko domin matarsa ta ce ba a fara da ita ba. Sa'an nan ya riƙe hannuna ya ce yana da tambaya a kan sura 5, inda aljanu suka shiga garken aladu wajen 2,000 suka ruga cikin teku suka hallaka. Ya ce shi mai kiwo ne, ya san abin da alade guda yake ci kafin ya girma. "To, Malam, masu aladun nan, wa ya biya su?"

Na ce masa zan tambayi fasto. Wanda yake da amsa a cikinku ya rubuto wa edita, zan kai masa in na koma rangadi wajensu.